Itatuwan da Yaya Sha'aibu Ya Kai Habbanaye Sakkwato

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar wata Alhamis, yayana Sha'aibu ya cika a ɗakinsa a nan Tawa. Mu huɗu ne a wurin: matarsa Rakiya, ɗiyarsa Balki, limamin unguwarmu, sai ni ƙanensa Isa. A wannan watan shekara ashirin da uku ke nan. Kafin la'asar ta ranar ya yafuto ni da hannu, na matso, ya faɗa mini magana ɗaya wadda ba ta shafi gida ko gona ba. Ya ce, "Isa, in garkar Ladan ta shiga wahala, kada ku jira sai an roƙe ku." Na ce to. Liman ya ɗauka zafin ciwo ne. Ni da Rakiya mun san abin da yake nufi, kuma saboda wannan magana nake rubutun nan.

Karatuna bai wuce na ƙaramar lakwal ba, wato firamare. Sauran rayuwata a kan hanya na yi ta, ina jan babbar mota tsakanin Tawa, Ƙonni da Sakkwato, yawanci da lodin albasa. Direba ba ya tsallake gari, don haka zan bi labarin daki-daki, kowane abu a wurinsa.

Kwanan baya na ji a rediyo cewa wakilai daga ƙasarmu da na Najeriya sun zauna, sun amince za su haɗa hannu su gyara tsofaffin lambunan cikin gari na nan da na can, domin baƙi masu yawon buɗe ido. A cikin waɗanda aka ambata har da garkar da Yaya ya yi wa hidima duk tsawon ƙarfinsa. Mai karanta labarin ya ce wannan sabon abu ne da ba a taɓa yi ba. Na rage muryar rediyon. An taɓa yi. Mutum biyu suka yi shi, ba takarda, ba taro, ɗayansu kuma ya biya da sunansa.

Na fara da garkar. Tsofaffi suna kiranta Garkar Kwamanda, don a zamanin Turawa aka dasa ta. Akwai layin maɗaci daga ƙofa har ƙarshe, da tsamiya, da dogonyaro da aka ƙara daga baya, da rijiya a tsakiya. A kusurwar kudu akwai mangwaro da lemo masu aure, wato waɗanda aka yanko reshen itace mai daɗi aka haɗa shi da jikin ƙaramin itace har suka zama ɗaya. Irin wannan ba ya fita daga ƙwallo. In ka shuka ƙwallonsa, wani abu dabam za ka samu, mai zare da tsami. Sai dai a yanki reshe daga uwar tun tana da rai. A riƙe wannan, don a kansa labarin ya tsaya.

Mahaifinmu mutumin Barmu ne, yana cikin waɗanda aka kamo aikin dole suka yi ta jidar ruwa a tulu don itatuwan nan su kama. Har ya rasu bai sake taka garkar ba. Ranar da ya ji Yaya ya sami aiki a cikinta, bayan ƙasa ta sami 'yanci, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Inda aka dake ni, nan za ka je cin abinci?" Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, mai bulalar ya koma ƙasarsu. Ruwan da ke jikin iccen nan kai ka ɗauko shi a ka." Baba bai hana shi ba. Shekarar da mangwaron ya yi 'ya'ya sosai Yaya ya aika masa da kwando guda Barmu. Ya sha, ya ce ba laifi. Daga bakin Baba wannan yabo ne babba.

Yaya ya fara da lebura, ya zama shugaban ma'aikatan garkar. Tsarin aikinsa bai taɓa canzawa ba. Daga masallaci sai rijiya. Daga rijiya sai ƙananan dashe. Daga nan sai shara. Ƙofa ita ce ta ƙarshe, ba ya buɗe ta sai mafi ƙanƙantar tsiro ya sha ruwa, ko da perfe ne, mai mulkin jihar, ke tsaye a waje. In ta buɗe, kowa ya shigo: 'yan makaranta masu shirin jarrabawa, mata masu jiran ganin likita, tsofaffi masu dara, mai ɗaukar hoto da zanensa. Ba a biyan ko sisi. Amma wanda ya karya reshe ya gama shiga a wannan shekarar, ko ɗan wane ne. Ni kaina ya taɓa hana ni ajiye mota kusa da katanga, wai man da ke ɗiga yana kashe saiwa. Na yi fushi kwana biyu, sannan na nemi wani wuri.

Da babban fari na farko ya zo, mutanen arewa suka gangaro, daga wajen Takanamat da Tebaram da bayansu, makiyaya da ba su da sauran abin kiwo. Suka yi zango a bakin gari. Yaya ya buɗe wa mata da yara garka su wuni a inuwa, ya bari a tsinci tsamiya da ganyen da ya zuba a kai wa 'yan awakin da suka rage. Sharaɗinsa ɗaya ne, gatari ba ya shiga. Ya yi asarar itatuwa kaɗan, garka ta tsira. A cikin wannan farin ne sojoji suka karɓi mulki. Abin da na sani game da su a wannan batu biyu ne: suna son dashen itace ƙwarai, kuma ba sa wasa da kayan gwamnati. Na farkon ya yi wa Yaya daɗi. Na biyun ya kusa karya shi.

Bayan kamar shekara goma fari ya dawo, wannan karon da ƙarfinsa. Rijiyar garka ta ja baya har sai an ƙara igiya a kan igiya, guga kuma ya fito rabinsa laka. Umarni ya fito daga biron perfe, wato ofishinsa, cewa ruwan rijiyar na mutane ne da dabbobi, kada a zuba wa itace ko ɗigo. Ina so a ji ni da kyau: umarnin daidai ne. Ran ɗan Adam yana gaba da na lemo. Yaya bai yi gunaguni ba, kuma bai saci ruwa ko sau ɗaya ba. Shi da kansa yake tsara layin masu ɗiba, masu goyo a gaba.

Maɗaci da tsamiya saiwarsu ta yi nisa, za su iya jira. Mangwaro da lemo ba za su iya ba. Da ya ga ganyensu ya fara naɗewa, sai ya ɗauko 'yar wuƙarsa ya yanko rassa masu ido daga kowace uwa, ya aura su a jikin ƙananan tsiron da yake raino a gwangwanayen man agaji, ya ɗaure da tsinken leda. Talatin da wani abu suka kama. Ya jera su a inuwar katanga, yana shayar da su da ruwan gidansa, wanda aka riga aka yi amfani da shi. Alwala a kan kwano yake yi. Rakiya in ta wanke gero, kafin ta juya ruwan ya bi Yaya garka.

Wata rana na tarar tana yi masa faɗa a tsakar gida. Ta ce, "Malam, ɗiyan nan naka masu ganye sun fi nawa shan ruwa. Yau ko ruwan wankin tukunya sai na ɓoye?" Ta juyo wurina ta ce, "Kai kuma direban banza, ka tsaya kana dariya. Ka ɗebe su a motarka ka kai su inda ake ruwa, mu huta!"

Cikin fushi ta faɗa, amma Yaya ya tsaya da butarsa a hannu yana kallonta. Washegari ya zo inda nake gyaran taya ya ce, "Yaushe za ka Sakkwato?"

A nan sai na bayyana habbanaye, don yaran birni na yanzu da yawa ba su san shi ba. Al'ada ce ta makiyaya, mu ma manoman Adar mun daɗe da ɗauka. Mutum yakan ba ɗan'uwansa ko amininsa akuya ko saniya mace ya riƙe. Ta haihu a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma wurin mai ita. Wanda aka ba ba ya sayar da ita, ba ya yanka ta, ba ya musanya ta da wata, kuma yana kula da ita fiye da tasa. In ta mutu da ikon Allah, ba a biya, amma yakan kawo fatarta ko kunnenta mai shaida a gani. Garken mahaifinmu da akuyar habbanaye ya tashi, wadda wani Buzu amininsa ya ba shi bayan wata yunwa ta dā. Muna yara mun san akuyar nan ba a jifanta.

Ladan kuma ɗan gwaggonmu ne da aka aurar Sakkwato, wato taubashinmu, abokin wasa. Allah ya sa shi ma aikin lambu yake yi, shi ke riƙe da wani tsohon lambun gari kusa da gulbi, inda ruwa bai yanke ba. Yaya ya je wurin babbansa a ma'aikatar magajin gari ya gaya masa niyyarsa da baki. Mutumin yana fama da rabon hatsin agaji, mutane cike da ƙofarsa. Ya ce, "In dai ba ruwa ka zo roƙo ba, yi yadda ka gani." Ba a rubuta kome ba. A lokacin babu wanda ya ga dalilin rubutawa.

Muka jera gwangwanayen a bayan mota, muka lulluɓe su da buhunan albasa da aka jiƙa, muka yi musu rumfar zana. Yaya ya ƙi zama a gaba, a baya ya hau, kuma duk ramin da na faɗa sai ya buga mini ƙarfe. A iyaka ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ya leƙo ya ce, "Mi kuka ɗauko?" Yaya ya ce, "Marayu ne, za mu kai su gidan gwaggonsu." Mutumin ya ɗaga zana, ya ga ganye, ya yi dariya ya ce mu wuce, Allah ya raya.

Ladan ya tarbe mu a ƙofar lambunsa, hannunsa duk taɓo. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya riƙe haɓa. Ya ce, "Ikon Allah! Habbanaye mai wadata ka ba marar shi. Kai ka zo mini da yunwarka da ƙishirwarka, kana ce mini habbanaye? Ka ce dai bara ka zo, bawana."

Yaya ya ce, "Kana da gulbi, ba ka da iri wanga. Ina da iri, ba ni da ruwa. Cikinmu wa ya fi talauci? Ka ɗanɗana mangwaron lambunka, ko jaki sai ya yi tunani."

"To in sun mutu fa?"

"Ka kawo mini kututturen."

"In sun rayu?"

"Duk reshen da ka yanka ka aura, naka ne. Uwayen nawa."

Ladan ya ce, "Na karɓa. Amma ka sani, ɗan da ya sha ruwan Rima ba ya son komawa dutsen Adar." Suka tafa, muka ci tuwo, muka juyo. Iyakar yarjejeniyar ke nan, ni ne shaida.

Ba a yi wata biyu ba aka rufe iyaka daga can ɓangaren. Motoci suka tsaya cak, ni ma na koma jigilar hatsi a cikin ƙasa. A bazarar nan uwayen mangwaro da na lemo na kusurwar kudu suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Ya zama irin garkar Tawa babu shi a ko'ina sai a hannun Ladan, a bayan iyakar da ba ta buɗuwa.

Sai aka yi wa babban Yaya, wanda ya ba shi izini da baki, canjin wurin aiki. Wani kafitan na soja ya zo zagayen duba kayan gwamnati, ya ga inda gwangwanaye suka bar shaida a ƙasa, babu gwangwanayen. Wani, wanda har yau ban san ko wane ne ba, ya raɗa masa cewa mai garka ya sayar da dashen gwamnati a Najeriya. A zamanin nan irin wannan magana tana kai mutum kurkuku. Aka kira Yaya biro, na raka shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya faɗi abin da ya yi tun daga farko har ƙarshe, bai ƙara ba, bai rage ba. Kafitan ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Malam Sha'aibu, habbanaye na san shi, kakata ta riƙe. Amma dokar da nake aiki da ita ba ta san shi ba. Ba zan rufe ka ba. Ka ajiye mabuɗi. Ranar da itatuwan suka dawo, ka dawo." Ban ga zalunci a maganarsa ba. Kowa ya tsaya a kan abin da aka ba shi amana.

Abin da ya fi dakatarwar ciwo shi ne bakin gari. Mutanen da suka wuni a inuwarsa shekara da shekaru suka sa masa suna Mai Sayar da Inuwa. A kasuwa ake faɗa, a bakin masallaci ake faɗa, har Balki ta daina zuwa ɗibar ruwa a rijiyar garka saboda habaicin mata. Rakiya ta kama suyar ƙosai ta riƙe gida, ba ta kuma sake yi masa faɗan ruwa ba. Shi kuwa kullum bayan asuba sai ya ɗauki kabarsa ya zauna a wajen katanga, yana tufkar igiya ta sayarwa, yana korar awakin da ke neman shiga ta inda ginin ya tsage. Ba a sa shi ba, ba a biya shi ba. Saƙo ɗaya ne ya iso daga Ladan duk tsawon lokacin, ta bakin wani ɗan fatauci mai bin hanyar daji: "A gaya wa bawana ɗiyansa suna cin abinci."

Da aka shiga shekara ta biyu na ga ya rame, sai na kawo masa shawara. A garkokin kudancin Adar ana samun ƙananan mangwaro da lemo. Na ce in sayo talatin, mu zuba a gwangwani, mu jera, a kira kafitan ya gani. Wa zai bambance ganye da ganye? Ya karɓi mabuɗinsa, in iyaka ta buɗe a kawo na gaskiya. Har yau ina ganin shawara ce ta mai son ɗan'uwansa. Ya ci gaba da tufka bai ɗago ba. Can ya ce, "Isa, ka taɓa ganin Baba ya musanya akuyar Buzu da wata?" Na ce a'a. Ya ce, "In na jera na ƙarya, na amsa cewa na gaskiyar sayarwa na yi. Kuma ranar da Ladan ya zo da su, me zan ce masa ya kawo?" Na ce ai sunanka ne ke lalacewa. Ya ce, "Sunan yana Sakkwato yana shan ruwa. Zai dawo." Daga nan ban sake tayar da maganar ba. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, amma wanda ke zaune kusa da shi ma yana shan hayaƙin.

Damina ta dawo, rijiya ta ɗago, daga baya iyaka ta buɗe. Ba a yi sati biyu ba, ranar kasuwa da hantsi, wata babbar mota ta tsaya a ƙofar garka. Ladan ne a samanta, riƙe da laima, amma ba kansa ya rufe ba, wani dogon lemo ya rufe. Ya fitar da su daga gwangwani tuntuni ya mayar cikin rabin ganguna, sun kai ƙirjin mutum. Yana daga sama ya ƙwala kira, "Ina Mai Sayar da Inuwa? Labarinka ya iske mu har gulbi! Zo ka karɓi kayanka, sun cinye mini taki, sun hana ni zuwa biki!"

Mutanen kasuwa suka taru. Aka sauke gangunan ɗaya-ɗaya, Yaya yana duba kowane itace a wurin ɗaurin, yana gane yankan wuƙarsa. Bayan an sauke na ƙarshe sai Ladan ya daina wasa. Ya ciro wani ƙunshi daga cikin rigarsa, ya kwance a gaban jama'a. Busassun kututture ne guda uku, kowane da tsinken ledarsa. Ya ce, "Waɗannan gara ta ci su a damina ta farko. Na yi iya yina. Ga fatarsu." Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, ko a mutuwar Baba. Ya share da hannun riga ya ce, "Kai dai ba a ba ka amana ta dawo cikakkiya." Ladan ya ce, "Uku na ci ladan kiwo, ka kai ni ƙara wurin soja."

Babu wani biki da aka yi. Kafitan ɗin an riga an mayar da shi wani gari, wanda ya gaje shi ya aiko da mabuɗi a hannun masinja. Washegari Yaya ya fara daga rijiya kamar jiya ya bari. Ladan ya koma, nasa rabon yana can, rassan da ya aura sun fi hamsin, lambunsa ya yi suna da mangwaron da Sakkwatawa suka riƙa kira ɗan Tawa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi burge ni a halin Yaya. Da itatuwan suka fara 'ya'ya, waɗanda suka sa masa suna suka fara zuwa neman dashe, suna sosa ƙeya. Bai hana kowa ba, bai tuna wa kowa ba. Amma ya ɗauki darasi: iri bai kamata ya zauna a wuri ɗaya ba. Duk wanda ya ba sai ya riƙe gwangwanin da hannu ɗaya ya ce, "Ba kyauta ba ce, habbanaye ne. 'Ya'yan naka. Ranar da aka nemi reshe, za ka bayar." Sai mutum ya ce ya yarda, sannan ya saki. Haka mangwaron nan da lemon suka bazu a gidajen Tawa, har Barmu da ƙauyukan da ke da rijiya. Balki ya koya wa aurar da itace, wuƙarsa tana hannunta har yau.

Yanzu na zo kan yau. Garkarmu tana nan, ta tsufa. Katangar gabas ta zube, leda ta maƙale a rassan maɗaci, masu shayi sun kafa tebura a inda 'yan makaranta ke karatu dā. Amma itatuwan kusurwar kudu suna tsaye, suna 'ya'ya. Ta Ladan ce ta shiga wahala. Bara na je Sakkwato gaisuwar wata rasuwa, shi Ladan ya daɗe da bin Yaya lahira, sai ɗansa ya kai ni lambun. Ambaliya ta kwanta a wurin ta daɗe ba ta janye ba, mangwaron ɗan Tawa duk sun mutu a tsaye. Wani sashe masu gyaran mota sun mamaye. Ɗan bai roƙe ni kome ba. Ya nuna mini kawai, ya ce, "Kawu, nan ne Baba yake zama." Na dawo da maganar Yaya tana yi mini nauyi a ƙirji, ga tsufa, ga mota na daɗe da bari.

Shi ya sa da aka kira taron jama'a a kan gyaran lambunan na je, na zauna a gaba. Matasa ne masu ilimi, daga nan da can, sun yi magana da ladabi. Sun nuna zanen ƙofa mai kyau, da fitilu masu aiki da rana, da kujerun siminti, da wurin sayar da kayan hannu ga baƙi. Dashe kuma sun ce za a sayo daga nesa. Na yi ta tunanin me Yaya zai ce. Na tabbata zai yi murna, don bai taɓa ganin iyakar nan a matsayin katanga tsakaninsa da ɗan gwaggonsa ba, kuma yana son baƙo ya shigo ya yaba. Amma zai gyara musu jeri. Zai ce a fara da rijiya, sai mutumin da zai tashi da asuba ya ja guga, sai dashe, ƙofa daga ƙarshe. Zai ce baƙo ba kujera ce ke kawo shi daga wata ƙasa ba, yana da kujera a gidansu. Inuwa ce, da labarin wanda ya dasa ta. Zai kuma tambaya ko matar da ta fito daga asibiti da goyo za ta iya shiga ba tare da an tambaye ta kuɗi ba. Na faɗi waɗannan a taron gwargwadon iyawata. Sun rubuta, sun kuma yarda cewa in an sami dashen irin na dā, motarsu za ta kai shi Sakkwato. Ban nemi fiye da haka ba.

Yaya bai bar gida mai bene ba, bai bar suna a jikin wani allo ba. Kututturen nan uku suna cikin akwatin Rakiya, ta ƙi a zubar. Abin da ya bari na gaske yana tsaye a tsakar gidajen mutane, yara suna jifansa da dutse a bazara ba su san daga ina ya zo ba. Ya bar kuma alkawari guda da ba a cika ba tukuna. Ladan ya riƙe mana iri shekara biyu, ya dawo da shi har da gawar waɗanda suka mutu. Zumunta a ƙafa take, kuma yanzu ƙafar tamu ce.

Don haka ga roƙona, kai mai karatu a Tawa da kewayenta. Ka fita tsakar gidanka ka dubi mangwaro ko lemon da kake shan inuwarsa. Ka tambayi tsofaffin gidan daga hannun wa ya fito. In daga hannun Sha'aibu mai garka ne, to mahaifinka ko kakanka ya amsa sharaɗi kafin a sakar masa gwangwani. Ka binne ƙwallo a gwangwani tun yanzu, ka shayar da shi ko da ruwan alwala ne. In ya kai kaurin yatsa, ka zo ƙofar garka ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za ka same ni da Balki a gindin maɗacin farko. Ita za ta bi ka gida da wuƙar mahaifinta ta yanki reshe ɗaya, ta aura shi a jikin tsiron, in ya kama a kai shi Sakkwato. Mutanen Ladan ba su roƙa ba, kuma an ce kada mu jira su roƙa. An nemi reshen yau. Ka bayar.